Kamar An Zuba Barkono

Ƙulu ta fito daga banɗaki tana dafa bango, ta yi jifa da buta har ta fashe a gindin famfo.

"Kamar an zuba mini barkono! Sai yaushe za ka ji ni?"

Mijinta Zakiru yana tsugune a bayan ƙofa, yana leƙen titi ta ɓular kwano. Taksinsa na lulluɓe da tamfol tun ranar da jandarmomi suka fara kamen baƙin haure a unguwarsu ta Sotega. Da aka karya darajar kuɗin sefa komai ya ninka, takardar izinin zama ta mutum ɗaya kawai ya iya sabuntawa, ya sabunta ta Ƙulu saboda awon ciki. Tasa ta mutu.

"Ki ƙara shan jiƙon nan. Bari kamen ya lafa..."

"Jiƙo! Na sha jiƙo, na sha kanwa, na sha kafson mai tebur. Yau fitsarin har da jini. Ciki wata bakwai, Malam! In tsoro kake ji, koya mini yadda ake cewa zan mutu da Faransanci, in tafi ni kaɗai."

Rana na dukan kwano, amma haƙoranta na kaɗawa, ƙugunta kamar ana sara. Ya kai hannu goshinta, ta buge hannun. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya fita ya yaye tamfol.

A mota ma ba ta yi shiru ba.

"Ka ɗauko ni daga Maraɗi ka kawo ni inda ko ciwona ban iya faɗa. Ga ka nan, namiji, kana ɓuya kamar ɓera!"

Ya yi ta bin lunguna, amma a mashigar unguwar Plaine Orety an gitta katako mai ƙusoshi. Gefe guda babbar mota ce cike da mutane, wasu da kayan aikinsu a jiki.

Jandarma ya duba takardar Ƙulu ya miƙa mata. Ya duba ta Zakiru, ya zura hannu ya zare makullin motar. Zakiru ya yi ta magiya da Faransanci yana nuna cikinta. Ƙulu ta fito tana tangaɗi, ta zazzaga wa jandarman zagin da bai ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ya yi kawai, ya tsayar mata da wata taksi.

Ana jan Zakiru ta kwalar riga, ya ɗaga murya ya faɗa wa direban sunan asibiti, ya juyo gare ta.

"Ki ce musu anfeksiyon, sunan ciwon ke nan. Kin ji? Maimaita!"

"Anfeksiyon," ta ce.

Kalmar ta yi ta nanatawa daga ƙofar asibiti har aka kwantar da ita. Aka kira wata ungozoma, Mairamou, 'yar Garwa mai jin Hausa. Bayan an auna fitsarin ta dawo fuska a murtuke, tana ɗaura mata ruwa.

"Ciwon ya hau ƙoda. Saura kaɗan ya tayar miki da naƙuda ba lokacinta ba. Ina mijin naki? Haka suke, marasa imani! Su yi wa mace ciki su miƙe ƙafa a gida, sai ta kusa mutuwa su turo ta ita kaɗai."

Ƙulu ta yunƙura ta damƙe wuyan hannunta.

"Yaya, yi aikinki ki cire bakinki daga kan mijina. Kin san shi ne? Kin san inda yake?"

Ƙulu ta sake ta, ta koma kan filo tana haki.

"Waɗanda aka kama yau, ina ake kai su?"

"An ce tashar jirgin ruwa," Mairamou ta amsa a hankali. "Za a mayar da su ƙasashensu, amma sai jirgi ya cika yake tashi."

Ƙulu ta ɗaga ido ta kalli robar da ke ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

"To ƙara wa ruwan nan gudu."