Wanda Asta Ba Ta Lissafa Ba

...shekarar ce ta ɓace masa. Malam Almustapha ya yarda wani ɓangaren labarin ya zube, ya ma daina nemansa. Ƙauyen Yasore ne ko Darini? Yasore. An gama sussukar gero, maza sun watse cin rani, shi kuma yana bi gida-gida da takardun tambaya: mutum nawa suka tafi, ina suka nufa, yaushe za su dawo. Daga Batsari har Safana, gida ɗari uku da... da nawa?

Ga takardun a cinyarsa, sun yi ja. Ramlat, ɗalibarsa ta ƙarshe, tana tafe bayan la'asar. Gobe za ta shiga ƙauyukan da tambayoyin nan nasa, a waya yanzu, ba a takarda ba. Akwai abin da dole ya faɗa mata. Mene ne ma?

Asta. Tsohuwar nan da ke bakace a bakin zaure. "Inna, 'ya'yanki nawa suka tafi?" Biyu, in ji ta, Usaini da Jinjiri. "Babban fa?" Ta kau da kai, ta ci gaba da kaɗa faifai. Ya rubuta: yana gida.

Yana gida... haka ya yi ta rubutawa, gida bayan gida, har ya zama babi guda a littafinsa: ɗan fari ba ya zuwa cin rani, shi ke tsare gida da tsofaffi. Aka yi ta tafa masa a taro. Shi kansa ɗan fari ne, har mahaifiyarsa ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba — "kai wancan," take cewa, tana turo masa tuwo. Ai uwa ba ta ambaton ɗan fari, kunya ce, balle ta lissafa shi gaban baƙo. Ya aka yi bai gane shirun nan ba?

Ramlat, tambayi ƙanne, tambayi maƙwabta, ban da uwa... Ya rubuta a tafin hannu? Ina biron? In ta durƙusa ta ce "Baba, ina wuni," ya sa mata albarka kawai ta tafi fa?

Abu ɗaya bai zube ba, don shi da kansa ya koma ya bincika, bai kuma faɗa wa kowa ba. Abdulmumini, ɗan farin Asta, yana Fatakwal yana tura kurar ruwa a ranin nan, rani bakwai a jere. A takarda ta arba'in da ɗaya kuwa, har yau yana gida.