Kabarin Lawwali a Gandun Gwamnati

Daga Kalmalo har Tozai ba a yi mutumin da ya san hanya kamar Yari ba, kuma har yau ba a sake yi ba. A ɗaure masa ido a jefa shi dajin Tawa, zai shinshina ƙasa ya nuna maka gabas. Jakuna arba'in ya taɓa korowa daga Agadas, ko ɗaya bai ɓata ba. Shekarar sanƙarau su bakwai suka tafi fatauci Sakkwato, shi kaɗai ya komo Illela da ƙafarsa. Cikin waɗanda suka rasu har da wansa Lawwali. Yari ne ya haƙa masa kabari a bayan garin Sakkwato, gindin wani gawo mai reshe biyu, ya kifa fasasshiyar tukunya a kai.

Ubansu Malam Mukhtari bai taɓa tambayar wurin ba. Lawwali ɗan fari ne, mutanen da kuwa ko sunan ɗan fari ba sa kamawa, balle a ga sun damu da shi. Ranar da aka kawo masa labari, salati ya yi, sannan ya tambayi lafiyar jakuna. Shekara goma sha uku yana haka. Sai da aka shekara biyu da samun mulkin kai, ido ya dushe, ƙafa ta ƙi, sannan ya kira Yari.

"Wancan da ka bari Sakkwato," in ji shi. "Ina son in tsaya kainai in yi mai addu'a tun ina iyawa."

"Baba, wannan har wani aiki na? Da baya-baya ma ni kai ka."

Suka hau babbar mota, Yari na ta ba fasinjoji labarin Agadas. Da suka sauka ya goya tsohon ya miƙe, bai tambayi kowa ba. Sai ga waya an ja ta iya ganin ido, ga ƙofa, ga wani malamin daji cikin kaki yana cin goro.

"Mi anka yi nan?" in ji Yari.

"Gandun shan iska na, gwamnati ta yi. Ku shiga, amma ba kiwo, ba saran icce. Bayan la'asar ni ka rufewa."

Ciki dogon yaro ne layi-layi, dubbai, duk tsawonsu ɗaya kamar an auna da kara. An shimfiɗa hanyoyi da jan marmara. Akawuna sun jingine kekuna suna jin rediyo, can wani Bature da matarsa sun baza zane a ƙasa suna cin abinci. Yari ya ajiye tsohon bisa benci.

"Minti kaɗan, Baba."

Ya nemi gawo, babu gawo. Ya nemi tudun da ke hagunsa, an baje shi. Ya koma bakin waya ya auno taku daga inda tsohuwar hanyar jakuna take, taku ya kai shi tsakiyar layi na tara. Ya sake aunawa, ya fito layi na goma sha huɗu. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya shinshina, warin taki kawai ya ji. Azahar ta yi, ya yi salla, ya ci gaba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"To, sarkin hanya," in ji tsohon da ya ji takunsa. "Kai da ka gane Agadas da hanci?"

"An ɗan canza wurin, Baba."

Malamin daji ya matso, ya ji abin da suke nema, ya tofar da goronsa.

"Gawo kam mun ishe su, biyar ko shida. Katafila ta tumɓuke su duka. Wa anka binne?"

"Wani yaro na," in ji tsohon.

"Ɗanka?"

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"Yayana na," in ji Yari.

"Allah shi jiƙanai. Wallahi da na sani da na nuna muku. Leburorin da sunka yi aikin duk sun watse."

Inuwa ta fara tsawo. Yari ya dubi idon ubansa da hakiya ta rufe, ya ga cewa duk inda ya tsayar da shi ba zai bambance ba. Ya kama hannunsa ya ja shi gindin wata bishiya a layi na goma sha ɗaya.

"Ga shi nan, Baba."

Tsohon ya tuɓe takalmansa a hankali, ya ajiye sanda. Ya ɗaga hannu biyu, sannan ya ce, "Ina kainai yake? Kada in tsaya wajen ƙafa."

Yari ya dubi dama, ya dubi hagu, ƙasa duk shafe take, an share ta da tsintsiya.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ban san wurin ba."

Hannun tsohon ya daɗe a sama. Ya juya gabas, ya juya arewa, bai san inda zai fuskanta ba. Can malamin daji ya busa usur, akawuna suka fara janye kekuna.

"Ba laifinka na ba," in ji tsohon. "Ni na ƙi tambaya."

Yari ya durƙusa ya sa masa takalma, ya goya shi. Tsohon bai kai nauyin rabin buhun gero ba, amma sau uku Yari na tsayawa kafin ƙofa, yana leƙa tsakanin bishiyoyi ko zai hangi ɓallin tukunya. A tsayawa ta uku tsohon ya dafa masa kafaɗa.

"Mu tai, Yari. Mutumin na jiran shi rufe."