Ranar da Tela Ya Ci Injiniya

"Wallahi yau wannan sakin naka ba zai ci ni ba!" in ji Tela, idonsa kafe a kan talabijin.

Shekara uku ke nan kullum da rana yake rufe shago ya shigo ɗakin maƙwabcinsa Injiniya, mai gyaran firji, su buga gem ɗin faɗa. Bai taɓa cin sa ba. Dabarar Injiniya guda ce: ya cilla ɗan wasanka sama, yana tsaka da jibgarsa sai ya tsaya da gangan, ya bar shi ya juya ya dira da ƙafa. Kafin ka gane ta dama zai ɓullo ko ta hagu, ya faro maka sabon duka.

Yanzu ma Injiniya ya yi sakin nan nasa. Tela ya tare hagu, shiru. Ya tare dama, shiru.

"Tarko ne, na san ka, tsohon mugu!"

Da ya gaji da jira sai ya afka. Ya yi ta duka har ɗan wasan Injiniya ya zube. Tela ya kurma ihu, ya shiga zagaye na biyu.

"Tausayina kake ji? Riƙe abinka!"

Sai da ya sake ci sannan ya waiwaya. Injiniya ya langaɓe a jikin wani tsohon firji, bakinsa ya karkace, hannun gem ya zame masa kan cinya. Idonsa ɗaya na kan Tela.

A asibiti likita ya tambaya tun yaushe abin ya fara.

"Ina gani na ɗauko shi," in ji Tela, yana kallon ƙasa.

Kafin yamma rai ya yi halinsa. Matar Injiniya ta zauna kan benci kusa da Tela, rungume da ledar takalman mijinta.

"Malam Tela, laifina ne. Na jiyo ihunka daga kicin, na ce yau kuma wa ya ci. Ashe taimako kake nema. Da na fito a lokacin..."

Tela ya girgiza kai.

"Maman yara, murna nake yi. Minti biyu ina dukansa ban waiwaya ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara mayafi, ta ajiye ledar a tsakaninsu, ta juya fuskarta bango.