Bargon Rigunan Direba

"Ɗaga ƙafarki, kina taka masa aljihu," in ji Goggo daga kan gado.

Matar direba ta ja da baya da kwanon ruwan zafi a hannu, ta raɓa ta jikin bango kamar yadda kowa yake yi in ya shiga ɗakin nan. Tsakar ɗakin ba ta mutane ba ce, ta ƙyallaye ce. Goggo Mai Ƙyalle, tsohuwar da suke ƙofa da ƙofa da ita, sana'arta ke nan tun kafin a zuba kwalta a layin: ta tara guntayen yadi, ta yanka, ta haɗa su su zama bargo. Ba ta zanawa a takarda. A ƙasa take jera su, ta zauna ta zuba musu ido, ta ɗauke wannan ta mayar can, sai ranar da ranta ya kwanta da su sannan ta ɗauki allura. Kafin wannan rana, duk wanda ya shigo mata da tsintsiya to da faɗa ya shigo.

Abin da ke shimfiɗe a wannan karon rigunan direba ne. Da ya rasu bara, 'yan uwansa suka raba kayansa, takalma da agogo da rigunan fita, aka bar wa matar tsofaffin rigunan aiki da babu mai so. Su kaɗai suka rage mata nasa. Goggo ce ta ce ta kawo a yi mata abin rufa da su, ya fi su ruɓe a akwati. Ranar da matar ta ga almakashi ya shiga rigar farko, sai da ta koma gida ta yi kuka. To yanzu ga shi an yanke su kaf, an ɗinke gefe guda, sauran suna baje a ƙasa, mai ɗinkin kuma ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Matar direba tana tausayin Goggo, wannan ba ƙarya ba ne. Amma rabin tsoronta na bargon ne, kuma tana jin kunyar hakan.

Ga kuma maganar koren yadi, wadda ta tsaya mata a rai. Tun farko ta ce nasa zalla take so, kada a saka ko zaren wani. Sai ta shigo wata safiya ta tarar da wasu korayen ƙyallaye masu kauri a tsakanin nasa, nan ɗaya, can ɗaya. Ta yi magana. Goggo ko kallonta ba ta yi ba, ta ce mijin nata ai cinye riguna yake yi ba sawa ba: bayan kowacce riga, kujerar mota ta goge shi har ana hango hannu ta ciki, hannun da yake jinginawa a taga kuma rana ta dafa shi ya koɗe. Ta ce yadin da ya ji jiki ba a haɗa shi da ɗan uwansa, sai an sa mai ƙarfi a gefensa ya riƙe shi, in ba haka ba wanki biyu ya watse. Da aka tambaye ta inda ta samo koren, ta ce ragowa ne, kuma a daina yi mata tambayar 'yan sanda.

Matar direba dai ba ta haƙura ba. Taurin kai kam, tana da rabonta.

Ran nan bayan ta gasa mata ƙafafu, Goggo ta sa aka jingina ta da matashi, aka ɗora mata gefen da aka ɗinke a cinya. Ta soka allura, ta ja, ta sake sokawa, sai hannun ya ɗauki rawa. Ta daɗe tana kallon hannun kamar na wani ne. Sannan ta kafe allurar a jikin yadin da zarenta, ta ce a ninke a ajiye mata a saman keken ɗinki, gobe za ta ci gaba.

"Goggo, ki huta mana, ai ba gudu zai yi ba," in ji matar direba, alhali ita ce ta fi kowa son a gama.

"Shi kam ba zai gudu ba, 'yar nan," in ji Goggo.

Washegari da hantsi ta cika. Autarta, wadda ta iso daga garin da take aure tun jikin ya tsananta, ita ce a wajen. Matar direba ta ji kukan ta katanga, ta shigo, ta taya abin da ake tayawa, sannan aka aike ta ta bi gidajen layin ta aro tabarmi da kujeru don masu gaisuwa. Ba ta daɗe ba. Amma da ta dawo, ɗakin Goggo fes yake, an share, an goge, mata sun zazzauna a inda ba a taɓa barin ƙafa ta sauka ba. Auta ba da mugunta ta yi ba. Ta ga tsummoki a ƙasa, ga baƙi na zuwa, ta tattara su a buhu ta ajiye bayan ƙofa, har da kakkaɓe musu ƙura. Duk jerin da Goggo ta ɓata watanni tana yi, ya tafi.

Matar direba ta tsaya a bakin ƙofa da tabarmi a ka. Ranta ya ɓaci matuƙa, amma wa za ta yi wa faɗa, marainiyar da ta rasa uwa da safen nan? Ta sauke tabarmin, ta zauna cikin mata. Kukan da ta yi a ranar, ita kanta ba ta san na wanne ba ne.

Da baƙi suka ragu, ta ɗauki buhun da gefen da aka ɗinke ta kai ɗakinta. Ta zazzage a ƙasa. Ga kwala, ga aljihun da yake saka makulli, ga koɗaɗɗun hannuwan nan, duk sun cakuɗe. Ba ta iya tuna wanne ke kusa da wanne ba. Abu ɗaya dai ta ga yanzu babu mai hana ta: ta tsince korayen ɗaya bayan ɗaya ta tara su gefe. Ta zura zare a allurarta, ta haɗa bayan riga da bayan riga. Ɗinkin ya tafi lafiya har ta ja zaren don ya kama, sai yadin ya buɗe a layin allurar, shiru, ko ƙara bai yi ba. Ta gwada wasu biyu, haka. Ta zauna da guntayen mijinta a cinya, sun fi ɗazu ƙanƙanta.

A haka Auta ta yi sallama. Tana haɗa kayan uwarta ne za ta koma, ta zo da wani abu ninke a hannu, idonta ja. Ta warware shi a tsakar ɗakin. Koren zane ne mai kauri, sabo fil, amma an yi masa tagogi, an yanke murabba'i nan, an yanke can, yanka mai tsabta irin na almakashin Goggo.

"Yaya, ko kin san abin da ya sami zanen nan? Ni na saya mata, don ta samu na fita kunya. Kullum na tambaya sai ta ce tana adana shi."

Matar direba ta dubi ramukan. Ta miƙa hannu ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ta tara gefe, ta ɗora a ɗaya daga cikin ramukan. Ya zauna daidai.

Sai a lokacin ta tuna cewa tun sanyin bara ƙafar Goggo ba ta ƙara kai ta kasuwa ba, kuma buhunan ƙyallenta duk na yadi marar kauri ne. Ta faɗa wa Auta yadda aka yi, har da faɗan da ta yi a kan koren, ba ta rage komai ba. Ta ce in tana so ta kwashe su, ai na uwarta ne. Auta ta yi dariya da hawaye, ta ce ta kwashe ta kai ina, ta liƙa su da me? Ta ce tsohuwar nan har labulen ɗakin babansu ta taɓa yankewa yana zaune a ciki. Ta ninke zanen mai tagogi ta ajiye a kan kujera, ta ce a riƙe, wataƙila waɗanda aka yanka ba za su isa ba.

Bayan ta tafi, matar direba ta janye tabarma, ta tura kujera jikin bango, ta fitar da tsintsiya waje. Ta durƙusa. Kowane ƙyalle ta ɗauka sai ta ɗaga shi wajen taga ta ɗan ja da yatsu. Wanda haske ya ratsa, ta nemo masa kore ta ajiye a gefensa. Jerin bai yi kyawun na Goggo ba, ta sani, wani layin ma ya karkace.

Ta jawo gefen da aka ɗinke. Allurar tana nan inda aka kafe ta, da guntun zare a hancinta. Ta zare ta, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ɗinkin Goggo ƙanana ne, a jere, kamar haƙoran mataji. Nata manya ne, suna ɗan kaucewa. Zaren bai kai ta ko'ina ba ya ƙare, sai ta ɗaura nata a bakinsa.