Jiƙaƙƙen Itacen Kalambo

Namwila ta ji ƙarar motar ɗanta Chomba, amma ko waiwaye ba ta yi ba. Ta san abin da ya kawo shi. Ya zo ne ya kwashe ta zuwa Lusaka, wai bai kamata tsohuwa ta zauna ita kaɗai a saman Kalambo ba, inda kogi ke faɗawa rami mai zurfin da mutum ke hango tsuntsaye suna shawagi ƙasa da ƙafarsa. Ita kuwa nan ta binne mijinta, nan take noman tambarta.

Ya same ta a bakin ramin masu tonon kayan tarihi, riƙe da bokiti. Tun da suka ci karo da gungume biyu cikin yashi, ɗaya an sassaƙe shi an ɗora kan ɗaya, ba ta da aiki sai kawo musu ruwan jiƙa itacen. Sun ce hannun da ya yi sassaƙar ya riga kowace ƙabila zuwa duniya. Ba wanda ya sa ta, shisshigi ne irin nata.

"Mama, ina kayanki?"

"Suna inda ubanka ya bar su. Matsa, ka tare mini hanya."

"Bara fa kin zame a kan dutse."

"Na zame, na tashi. Kai da ka faɗi jarrabawa, wa ya kwashe ka?"

Tsoro ne ke cin Chomba, ita ma ta sani, shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai.

"Can akwai asibiti, Mama. Ga ɗaki mai siminti, busasshe."

"Busasshe!" Ta leƙa ramin ta kira wata budurwa cikin masu tonon. "'Yar nan, gaya wa wannan babban mutum abin da zai faru in itacen nan ya bushe."

"Tsagewa zai yi, kaka, ya marmashe. Danshin yashin ne ya riƙe shi."

"Ka ji? Duk tsawon zamanin nan ambaliya ba ta ci shi ba, gara ba ta taɓa shi ba. Sai yau da masoyansa suka zo ɗaukarsa ake jin tsoron ya lalace."

"Ai duk da haka tafiya za su yi da shi," in ji Chomba a hankali.

Namwila ta sheƙa wa gungumen ruwan duka, ta karkaɗe bokitin.

"Shi ba shi da bakin da zai ce a'a. Ni ina da shi."

Ta ratse ta gefen Chomba ta gangara kogi.