Gwangwanin Damuwa

Shugabar makarantarmu ta je taron bita na kwana uku kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai, ta dawo mana da jaka mai tambari da sabuwar doka. Aka ajiye gwangwani biyu a ƙofar kowane aji, ɗaya an zana masa fuska mai dariya, ɗayan fuska a murtuke. Kowace ɗaliba za ta jefa marfin kwalba a wanda ya dace da zuciyarta.

"Kuma ajin da ya fi kowa farin ciki," in ji shugaba, "shi zai riƙe fankar tsaye."

Fanka ɗaya ce tal a makarantar. Ajina kuwa yana ƙarƙashin kwano ne, da rana sai ka rantse gasa mu ake yi. Na tara 'yan matana na yi musu bayani a kan muhimmancin faɗin gaskiya, sannan na nuna musu inda soket yake. Yara ne masu kaifin basira. Mako biyu muna shan iska.

Ranar wata Litinin na girgiza gwangwanin damuwa, sai na ji ƙwaras. Marfi ɗaya ne, an shafa masa jan biro a ciki. Ba sai na yi bincike ba. Mai jan biro a ajina ita ce Lamba Ɗaya, yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Kwanan nan na ga tana fita da gudu ta yi amai kafin kowane gwaji. Na ce a raina zan zauna da ita. Kafin nan dai na ɗauki marfin na mayar da shi gwangwanin dariya, don ƙarfe goma ake zuwa ƙirga.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Hannuna ya saba, har ba na dubawa. Zaman da zan yi da ita kuwa kullum sai gobe, ga makin jarrabawa, ga rahoton farin ciki da ake cikewa shafi huɗu.

Gab da ƙarshen zango shugaba ta kira ni gaban taro.

"Ku yi koyi da Malama! Ɗari bisa ɗari, babu yarinya ko ɗaya mai damuwa!"

Aka tafa mini, ni kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ana saura kwana biyu jarrabawa Lamba Ɗaya ba ta zo ba. Da tsakar rana mahaifiyarta ta tsaya a ƙofar aji, mayafinta a karkace. Na kashe fanka don in ji ta.

"Malama, muna asibiti tun safe. Ta daina ci, ta daina barci. Likita ya ce fargaba ce, wai ta daɗe tana cinta. Babanta kuwa ba ya son jin komai sai dai ta zo ta ɗaya."

"Ayya, Mama. Da ma ta yi magana ai."

"Abin da na ce mata ke nan. Sai ta ce ta yi. Ta ce wata biyu ke nan kullum da safe tana gaya miki, har alama take sawa don ki gane ita ce." Ta gyara mayafi, ta dube ni da ladabi. "Shi ne na ce bari in zo in ji shawarar da kika ba ta, mu ɗora daga nan."