Husufin Larabgana

Shekara talatin da ɗaya Babana, Malam Abdulgani, ya yi yana ladanci a masallacin layinmu a unguwar Ridina, kuma ba kiran salla kaɗai ke bakinsa ba. In an yi rasuwa shi ke sanarwa, in akuya ta ɓata shi ke cigiya, in an ga watan azumi sai an ji daga gare shi tukuna mata su ɗora tukunyar sahur. Mutanen layinmu jikokin alhazai ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, hanya ta tsaya musu a nan, kuma ba su cika yarda da kowa ba. Amma in aka ce "Ladan ya faɗa", to magana ta ƙare. Baba ba shi da shago, ba shi da gona. Wannan yardar ita ce abin da ya mallaka, ni kuwa saura kaɗan in zubar masa da ita ina 'yar shekara goma sha shida.

A watan Maris na 2006 ne malaminmu na kimiyya, Mushe Jimadum (Mushe muke kiran malamin boko), ya shigo aji da fara'ar da ba mu saba gani ba. Mutumin kudu ne, Kirista, dogo, kullum alli har a girarsa. Ya zana ƙwallo uku a allo, ya ce ranar Laraba ashirin da tara ga wata, daga ƙarfe tara da rabi na safe, wata zai gitta tsakaninmu da rana. Ya ce wanda ya kafe ta da ido a lokacin yana iya rasa ganinsa, kuma yara ne abin ji, don su ba a hana su kallon sama.

"Ku faɗa a gida," in ji shi. "Kowa ya nemi wanda ake jin maganarsa a unguwa ya gaya masa."

Ni ba sai na nema ba, da shi nake cin tuwo.

Goggo Dije na fara gaya wa, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar, ta ƙirga kwanakin wata a yatsunta, sai na ga fuskarta ta canja.

"Ke Hamdiyya, rufe mana baki. Ranar fa Larabgana ce."

Larabgana ita ce Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda tsofaffinmu ke cewa masifu na sauka a cikinta. Goggo ba ta wanki a ranar, ba ta fita ko nan da gadar Ngueli ta bakin gari, kuma sai ta ɗura wa kowa rubutu ko yana so ko ba ya so. Ga shi a shekarar gari cike yake da raɗe-raɗin 'yan tawaye daga gabas. Rediyo ta ambaci husufin, amma mutanenmu sun riga sun daina ɗaukar maganar rediyo da nauyi.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana shan shayi. Na ɗauko faranti na ce shi ne rana, lemo shi ne wata, ƙwallon goruba kuma duniya. Na yi ta juya su ina zuba bayani, har lemon ya gangara ƙarƙashin tabarma. Ya bar ni na gama, don Baba ba ya katse mutum.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa ya gaya wa Mushen naku ranar da sa'ar?"

"Lissafi ne, Baba."

"Ke kin yi lissafin?"

"A'a. Na dai gane yadda abin ke faruwa, lissafin lokacin ne ya fi ƙarfina."

"Amma kin yarda zai faru."

"Na yarda, Baba."

Ya kurɓi shayinsa, ya ce in ɗauko lemon kada tururuwa ta taru. Na tashi da haushi ina cewa a raina tsofaffi dai sai a hankali.

Ranar Litinin bayan magariba sai na ji lasifika ta yi 'yar ƙararta, muryar Baba ta biyo baya. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabcin gari. Ya ce jibi Laraba da ƙarfe tara da rabi za a yi husufin rana, in Allah ya so. Ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko faɗuwar wani, saboda haka kada kowa ya tsorata. A tsare yara a ɗaki, kada a kalli sama, maza su zo masallaci a yi salla. Ina tsakar gida da buta a hannu, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Ko kaɗan ban tuna cewa sunansa ya ɗora a kan maganata ba.

Washegari layi ya ɗauka. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Alhaji Mijinyawa, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ya saya wa masallacin lasifikar, yake kuma ganin kamar da ladanin ya haɗa ya saya. A ƙofar gidanmu ya tare Baba, ina jin su ta zaure.

"Ladan, maganar ɗiyar lakwal, 'yar boko, ce ka hau lasifika ka hwaɗi? Yaushe ka koma duba? Gaibu fa sai Allah."

"Sahi, gaskiya ne, Alhaji, gaibu sai Allah," in ji Baba. "Allah ya kai mu Larabar."

Makarantarmu ta ce mu zauna gida ranar. Tun ƙarfe tara layi ya yi tsit kamar ana ƙidaya, an kulle yara a ɗakuna suna ta kuka saboda zafi, masu shaguna sun ja ƙofofinsu. Ta kafar ƙofa ina hango Baba zaune a tabarma a gaban masallaci da alwalarsa, maza sun kewaye shi, kowa na satar kallon agogonsa.

Tara da rabi ta yi. Rana na nan fau, ko gezau. Goma saura kwata, haka. Ƙarfe goma na bugawa na ji wani ya buɗe shagonsa da ƙarfi don a ji, wasu samari suka yi dariya, wata mata ta sako 'ya'yanta tana mita da Larabci.

A nan ne Goggo ta ga ya dace ta gaya mini abin da ta ɓoye.

"Kin san abin da ubanki ya faɗa a gaban Liman jiya? Ya ce in abin nan bai faru ba, ya sauka, su nemi wani ladan. Wai bakin da ya tsorata mutane a banza bai dace da kiran salla ba. Kalas, shi ke nan, kin ji abin da bokonki ya jawo."

Na zauna a ƙarƙashin rumfar zana. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Me na sani ni? Ƙwallo uku a allo, da bakin mutum ɗaya. In Mushe ya yi kuskuren rana fa? In ni ce na kwafa ba daidai ba? Na tuna Baba yana fita da asuba da tocilarsa, ko ruwa ake ko zazzaɓi yake, na ga ranar da zai zauna a ɗaki yana jin muryar wani a lasifika. Na sunkuyar da kai ina hawaye.

Da yake kaina a ƙasa yake, shi ya sa na gani. Hasken da ke ratsowa ta ƙofofin zana yakan zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo, kowanne a zagaye. Yanzu kuwa kowane ɗigo an gutsure masa gefe, duk a ɓangare ɗaya. Sai a lokacin maganar Mushe ta dawo mini: tara da rabi farawa ce kawai, ido ba zai lura ba sai abin ya yi nisa, mai son gani ya duba hasken da ya bi ta ƙaramar kafa. Ya faɗa a aji, ni ce doki ya sa na bar rabin maganar a makaranta.

Na fizgi matacin taliyar Goggo mai ƙofofi, na yafa mayafi na fita, tana kirana ban juya ba. Ban taɓa shiga tsakiyar maza a gaban masallaci ba sai ran nan. Na durƙusa a gaban Baba, na ɗaga matacin a rana. Ƙananan jinjirayen wata suka zube a kan tabarmarsa, sun fi hamsin.

"Ya fara, Baba. Tun ɗazu ya fara. Laifina ne, ban gaya maka ba a gani da farko ba."

Mutane suka matso suna leƙe. Alhaji Mijinyawa ya karɓi matacin, ya juya shi, ya duba bayansa ko an yi wani siddabaru, ya sake ɗagawa. Jinjirayen na nan. Ya miƙo mini abina.

Kafin sha ɗaya saura kwata ba mai bukatar mataci. Hasken gari ya dushe ya koma wani iri, zafin ya karye, kajin maƙwabta suka fara neman akurki. Duhu bai rufe ba, amma ba wanda ya ƙara dariya, matar nan kuma ta tattara 'ya'yanta da gudu. Baba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya shiga ya kira mutane salla da muryarsa ta kullum, ba ɗagawa ba rawa.

Sai bayan azahar ya shigo gida. Na kai masa ruwa, na tsaya ina murza gefen mayafi.

"Baba, ashe ka gane bayanin da na yi maka ran nan."

"Ina fa. Ni dai na ga lemo na bin goruba."

"To me ya sa ka faɗa a lasifika? Har ka ce za ka sauka."

Ya sha ruwan, ya ajiye kofin a hankali.

"Ban san Mushenku ba, Uwata, ban kuma san lissafinsa ba. Ke na sani. Na tambaye ki ko kin yi lissafin, da kin so sai ki ce mini e, amma kika ce a'a. Mai faɗa mini iyakar saninta, in ta ce ta yarda, ni ma na yarda."

"Da bai faru ba fa?"

"Da na sauka," ya ce. "Ladanci ai wani zai iya. Amma in kika kawo gaskiyarki gida ubanki ya ƙi tsaya miki, wa zai tsaya miki a waje?"